Ra'ayinmu: Buhun Sukarin Da Muke Sha Ba Mu Sani Ba

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kachia da tsakar rana, ko a Kakuri ne, ko a mararrabar Barnawa, ko can Sabon Tasha, ya zuba ido na ɗan lokaci, zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa. Kowace mota ta tsaya, sai yara sun yanyame ta da robobi cike da ƙanƙara da kwalabe masu launi iri iri. Ɗalibi mai sauri zuwa lacca ya miƙa hannu ya karɓi ɗaya. Ƙaramin ma'aikaci da ya fito daga ofis ya karɓi ɗaya, ya haɗa da biskit, ya ce ya yi abincin rana ke nan. Ba wanda ya ga laifin kowa, domin rana tana dūka, maƙogwaro ya bushe, kuma abin yana da sanyi. Mu ma da muke wannan rubutu muna cikin masu miƙa hannun, saboda haka kada wani ya ɗauka wa'azi muka zo yi daga kan mumbari. Lissafi ne kawai muka zauna muka yi, ya ba mu tsoro, muka ga bai kamata mu riƙe shi mu kaɗai ba.

Ga lissafin. Yawancin lemon kwalba na gargajiyar kamfanoni yana ɗauke da sukari wajen giram 10 zuwa 11 a cikin kowace mililita 100. Robar nan ta rabin lita da muke shanyewa a tsaye, ke nan tana da giram 50 da 'yan kai. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar wajen giram 4. Wato a cikin roba guda akwai cokali 13 na sukari. A tambayi kowa a cikinmu ya zauna ya kamfaci cokali 13 ya zuba a baki ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce an raina masa hankali. Amma da yake an narkar da shi, an sa masa iska da ɗan tsami da sanyi, sai ya wuce ba a ji ba. Wanda kuwa ya mai da shan roba ɗaya al'adarsa ta kullum, in shekara ta zagayo ya sha sukarin da ya kai kilo 19, fiye da sulusin babban buhun nan mai kilo 50 da ake jibgewa a shagunan kasuwar Kakuri. Wannan kuwa ban da na shayin safe, ban da na koko, ban da na zoɓo.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi matsakaici, wannan ya kama wajen giram 50, cokali 12. Ta ƙara da cewa in an iya saukowa zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi alheri. To, a duba a gani: roba guda ta riga ta tsallake iyakar yini ɗungum, tun mutum bai sa loma ɗaya a bakinsa ba.

Wani zai ce, ai tuwo ma da shinkafa da burodi duk sukari suke komawa a cikin jiki, mene ne na ware abin sha? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan maganar take. Wanda ya ci tuwo ya tauna, cikinsa ya ɗauki nauyi, jikinsa ya ba shi labari cewa ya isa haka, sai ya tsame hannu. Abin da aka sha bai cika ba da wannan labari ba. Yana wucewa da sauri, ya shiga jini da sauri, kuma ba ya rage yawan abincin da mutum zai ci bayansa yadda ya kamata. Robar rabin lita tana da kalori wajen 200, abin da mutum zai yi tafiyar sauri ta minti 40 ko fiye kafin ya ƙone shi, amma ciki bai lissafa ta cikin abinci ba. Ɗalibin da ya sha lemo da azahar zai ci shinkafarsa da wake da yamma ba ragi. Ƙari ne a kan ƙari. Abin da jiki bai ƙone ba kuwa ba ya zubarwa, ajiyewa yake yi, ya mai da shi kitse. Rabin sukarin tebur wani nau'i ne da hanta ce ke ɗawainiyar sarrafa shi, kuma in ya yi mata yawa kullum, ita ma sai kitse ya fara taruwa a jikinta. Ɗaya rabin shi ke ɗaga sukarin jini, ya tilasta wa jiki fitar da sinadarin insulin don ya sauko da shi. In ana haka safe da rana da dare, shekara da shekaru, ga ƙiba tana ƙaruwa, sai jiki ya fara taurin kai ga insulin ɗin nan. Daga nan hanyar ciwon sukari ta buɗe. Haƙora kuwa tun da wuri suke fara biyan nasu bashin, domin tsamin lemon da sukarinsa tare suke cin su.

Ba mu ce duk mai ciwon sukari shan lemo ne ya jawo masa ba. Akwai irin wanda ke kama yara ƙanana, wanda ba ruwansa da abin da suka ci ko suka sha. Akwai gado. Akwai siraran mutane da ke fama da shi, akwai masu jiki da ke lafiya lau. Kuma ba mu yarda a mai da wannan rubutu sandar dukan 'yan'uwanmu masu ƙiba a ɗakunan kwana ba, zolayar da ake yi musu ta isa haka. Abin da muka ce shi ne, cikin abubuwan da ke tura mutum wajen ciwon, abin sha mai zaƙi shi ne wanda ya fi sauƙin janyewa, domin ba wanda ya taɓa kwanciya asibiti don ya rasa shi. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 baligai miliyan 3.6 ne ke ɗauke da ciwon a Nijeriya, kuma da yawa daga cikinsu ba su san suna da shi ba. Wanda ya taɓa raka dattijon gidansu asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard a Kakuri ranar ganin masu hawan jini da sukari, ya ga layin da idonsa, kuma ya lura ba tsofaffi kaɗai ke kan bencin ba.

Yana da kyau mu waiwaya baya kaɗan, domin wannan ɓangare na ƙetaren kogi yana da tarihin da ya shafi maganar kai tsaye. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin giya na Nigerian Breweries ya kafa masana'antarsa a nan a 1963, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Mutane suka kwararo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika suka batse. Iyayenmu da kakanninmu da suka yi aiki a masaƙun nan suna ba mu labarin yadda in jiniya ta yi kuka, titi yake cika da kekuna da masu tafiya a ƙasa. Mutum ya taka daga gida, ya tsaya sa'o'i 8 a gaban inji cikin zafi, ya tako ya dawo. Irin wannan mutum in ya sha shayi mai kauri da asuba, kafin hantsi ya ƙone shi. Lemon kwalba kuwa, ko da yake an fara ɗura Coca-Cola a ƙasar nan tun 1953, kamfanin 7Up kuma ya fara a 1960, a wurin talaka abin ranar Salla ne da Kirsimeti da ranar albashi. Kwalbar ma ƙarama ce, ta gilashi, a sha a tsaye a mayar wa mai shago.

Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Jiniya ta yi shiru. Mu jikokin masu kekunan nan mun gaji shayinsu mai kauri, amma ba mu gaji tafiyarsu ba. Daga ƙofar gida sai Keke Napep, daga nan sai benci a ɗakin lacca, ko kujera a sakatariya daga 8 na safe zuwa 4 na yamma, da dare kuma a kishingiɗa da waya a hannu. Kwalbar ta girma, ta koma roba mai murfi da ake yawo da ita cikin jaka, abin da yake na ranar biki ya zama na kowace azahar. Ga wani abin lura ma a cikin harshenmu: kalmar lemo a da sunan ɗan itace ne, wanda ake ɓarewa a sha da ɓargonsa. Yau in ka aiki yaro ya sayo lemo, ba ka ce na ɓawo ba, da kwalba zai dawo maka.

Al'adar karɓar baƙo ma ta juya. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, kuma abin da aka san ana fara tarbarsa da shi ruwa ne mai sanyi daga randa, in da hali a dama masa fura. Yanzu uwar gida kunya take ji ta ajiye wa baƙo ruwa zalla, sai ta aiki yaro shago ko da bashi ne, kada a ce ta yi rowa. A wajen biki da suna da walimar kammala karatu, da yawan katan ake auna girman taro. Da watan azumi, bayan yini guda ciki ba komai, abin da muke fara aika masa jug ne na zaƙi, sannan mu yi mamakin yadda wasu ke fitowa daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi. 'Yan'uwanmu Kirista su ma sun san yadda akwatunan lemo da na malta ke taruwa a lungun falo in Disamba ta kama. Malta ɗin nan da ake ɗauka abin gina jiki ce, har ana haɗa ta da madarar gwangwani a ba maras lafiya wai tana ƙara jini, sukarinta bai gaza na lemo ba. Haka nan lemon ƙara kuzari da muke ɗirka a makon jarrabawa don mu kwana karatu: sukari ne da sinadarin hana barci, ya ɗaga mutum na ɗan lokaci, ya sake shi da bugun zuciya da ciwon kai a safiyar da ya fi bukatar natsuwa.

Game da giya, tun da wannan mujalla ta kowa ce, kuma mashaya ba ɓoyayyu ba ne a unguwanninmu, za mu faɗi abin da ya shafi lafiya kawai, mu bar wa malamai da limaman coci nasu fannin. Kowane giram na barasa yana da kalori 7, kusan ninki biyu na sukari mai 4. Babbar kwalbar giya ta haura kalori 200, kuma da wuya mai sha ya tsaya a ɗaya, ga tsire da farfesu a gefe. Tumbin da ake yi wa kirari da alamar an fara cin albashi, sau da yawa daga nan yake. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Wannan maganar tumbi ita ce ta fi damunmu game da yayyenmu da suka riga mu kama aiki. Har yanzu in saurayi ya yi shekara biyu a ofis ya koma gida da teɓa, sai 'yan'uwa su yi ta barka, wai hutu ya karɓe shi. In ya rame kuwa a shiga tambaya ko lafiya. Alhali kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanji da hanta, shi ne likitoci suka fi jin tsoro, domin shi ya fi tafiya tare da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Akwai awo mai sauƙi da ba ya bukatar ko sisi. A samu igiya a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ƙugu daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In ya ƙi haɗuwa, wato ƙugu ya wuce rabin tsawo, lokacin yin gyara ya yi, ko da shekarun mutum 25 ne.

Sai mu zo kan masu cewa mafita ita ce a koma ga namu na gida. Muna tare da su, amma da sharaɗi. Zoɓo a kan kansa abin kirki ne, har bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini. Kunun zaƙi na asali da tsiron hatsi da dankali ake fito da ɗanɗanonsa. Kunun aya da fura da nono da ruwan tsamiya duk suna da abin da jiki zai amfana da shi, wanda babu a cikin ruwa mai launi. Amma kowa ya taɓa tsayawa kusa da mai haɗa zoɓon sayarwa ya ga yadda ake juye sukari da gwangwani, domin in bai yi zaƙi raɗau ba, mu ne dai masu sayen za mu ce ba daɗi. Harshenmu ya riga ya saba. Sukarin da ke cikin zoɓo da wanda ke cikin kwalbar kamfani duk ɗaya ne a wurin hanta, haka ma mazarƙwailar Maƙarfi da zuma, ko da sun fi farin sukari ƙamshi. Ga kuma batun tsabta, tun da yawanci a tsofaffin robobin da aka tsinto ake ɗurawa, kuma ba kowa ke tafasa ruwan ba. Mai shayi shi ma ba mugu ba ne, abin da ya ga ana so yake zubawa. In ka ce masa cokali ɗaya, zai dube ka ya yi dariya, ya zuba ɗaya. Waɗanda suka jarraba ragewa sannu a hankali sun shaida cewa bayan 'yan makonni harshe yakan sauya, har shayin da suka saba sha a da ya koma yana ɗaure musu baki. Lemon da aka rubuta masa babu sukari kuwa, gaskiya ne bai da kalori, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi don rage ƙiba, kuma ba sa yaye harshe daga son zaƙi.

Gwamnati fa? Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka sa wa sukari, aka fara karɓa a 2022. Wato naira 5 a kan robar rabin lita. Tun a lokacin abin bai taka kara ya karya ba, balle daga baya da farashin kwalba ya ninka saboda tsadar kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna tun 2016 cewa sai haraji ya ɗaga farashi da wajen kashi 20 cikin 100 kafin a ga mutane sun rage sha sosai. Meziko ta sa nata a 2014, sayen lemon ya ragu da wajen kashi 6 cikin 100 a shekarar farko. Ingila ta bi wata dabara a 2018, ta sa harajin ya riƙa hawa gwargwadon yawan sukarin da ke cikin abin shan, sai kamfanoni da yawa suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Afirka ta Kudu ma ta fara nata a wannan shekarar. A ganinmu dabarar Ingila ta fi dacewa da mu. Masu masana'antu sun yi ta kukan cewa haraji zai kashe ayyuka, kuma mu mutanen Kakuri ba za mu yi wa wannan kuka dariya ba, mun san yadda unguwa take zama in ƙofar masana'anta ta rufe, mun ga iyaye da suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Amma harajin da ke bin yawan sukari ba ya ce a daina ɗura lemo, cewa yake a rage abin da ake zubawa a ciki. Kuma ya kamata kuɗin da aka tara a ga inda suka shiga a asibitoci, domin iyalin da ke sayen insulin kowane wata, ko suke kai mutum wankin ƙoda sau biyu a mako, su ma harajin suke biya, mai nauyin da ya fi naira 5 nesa ba kusa ba.

Sai dai ba sai mun jira Abuja ba. Babban dalilin da ke sa ɗalibi sayen lemo ba kwaɗayi ba ne, ƙishirwa ce, kuma a inda yake tsaye lemon ya fi ruwa mai sanyi kusa da hannunsa. Nan ne aikin Ƙungiyar Ɗalibai yake. Kowace shekara muna biyan kuɗin ƙungiya, kuma kowace shekara kaso mai tsoka yana tafiya wajen sayen katan katan na lemo don bikin rantsarwa da makon ɗalibai da tarbar manyan baƙi. Muna kira ga shugabanninmu su zauna da hukumar makaranta a samar da wurin shan tsabtataccen ruwa a kowane ɗakin kwana da kusa da manyan ɗakunan lacca, wanda ɗalibi zai cika gorarsa kyauta, kuma a naɗa wanda zai riƙa duba shi, kada ya zama irin famfon da ake buɗewa da tafi ya ƙafe bayan wata guda. A tarukan ƙungiya a fara ajiye ruwa a kan tebur, lemon ya zama sai wanda ya nema. Masu sayar da zoɓo da kunu a harabar makaranta, waɗanda yawancinsu iyayenmu mata ne masu neman na cefane, kada a kore su. A roƙe su su riƙa kawo kashi biyu, mai sukari da marar sukari, mu kuma mu yi alkawarin sayen na biyun, domin ba za su dafa abin da zai kwana a hannunsu ba. 'Yan'uwanmu masu karatun likita da na jinya kuma su ware rana ɗaya a kowane zango su kafa tebur su auna wa mutane jini da sukari da ƙugu, har da masu gadi da masu shara da direbobi, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba.

Ga yayyenmu na ofisoshi, roƙonmu ƙarami ne. In an juya robar za a ga an rubuta yawan sukarin da ke cikin mililita 100. A ninka shi sau 5, a raba da 4, a ga cokali nawa ne, sannan a yanke shawara. Masinja in an aike shi ya sayo wa baƙon ofis abin sha, a ce ya haɗo da ruwa.

Mun aika wa shugaban ƙungiya da sakataren jin daɗin ɗalibai kwafin wannan sharhi tun kafin a kai shi maɗaba'a, tare da tambayar nawa aka kashe wajen sayen lemo a tarukan zangon da ya wuce, da nawa za a bukata don kafa wurin shan ruwa guda ɗaya. Za mu buga amsarsu a fitowa ta gaba, in kuma shiru suka yi, za mu bar filin fari da sunayen muƙamansu a samansa.